Kwari da baka: amsoshin masu shirin saye

Malam, ni ma'aikaci ne a Kaduna, shekarata 29. Kallon finafinan Turkiyya ya sa mini sha'awar harbi da baka. Na ga wata a intanet irin ta Turkawa, an rubuta ƙarfinta laba 50, mai sayarwa kuma ya ce ita ce ta maza. Ban taɓa harbi ba. In saya?

Ƙanena, kar ka saya. Kafin ka ce na yi maka rowar sha'awa, je ka bayan gida ka samu jarkar ruwa mai lita 25, ka saƙala yatsu uku a hannunta ka ɗaga, ka riƙe kana ƙirga biyar. Nauyinta kusan laba 55 ne, wato ɗan sama kaɗan da abin da bakar nan za ta nema a wurinka duk lokacin da ka ja tsarkiya. Mai koyo kuwa yana bukatar harbi hamsin ko sittin a zama guda kafin hannunsa ya faɗa. Ni ma da mai laba 45 na fara, don kar a raina ni. Sati biyu na yi kafaɗata ta ƙi ɗaguwa, ko riga sai da dabara nake sawa, bakar ta koma ado a bango. Ka fara da laba 25, in kana ji da ƙarfi 30. Baka mai nauyi tana koya wa mutum mugun hali: ya riƙa sakin kibiya tun bai kai tsarkiya gefen bakinsa ba, kuma wannan hali ya fi ciwon kafaɗa wuyar magani.

Lambar da ake rubutawa a jikin baka ma ba ta kowa ba ce. Ana auna ta ne idan an ja tsarkiya inci 28. Wanda jansa ya wuce haka, kowane inci yana ƙara masa laba biyu zuwa uku. Wanda bai kai ba, ragi yake samu. Ka je wurin tela, ka buɗe hannuwanka kamar za ka rungumi kuka, ya auna daga kan yatsa zuwa kan yatsa, ka raba da biyu da rabi. In ya samu inci 70, janka 28 ke nan. Kibanka kuma su ɗara wannan tsawo da inci ɗaya ko biyu, domin gajeriyar kibiya tana iya zamewa ta soki hannun da ke riƙe da baka.

Sai batun "irin ta Turkawa". Ta ainihin, wadda sojojin Daular Usmaniyya suka yi yaƙi da ita, haɗi ce ta itace da ƙahon ɓauna da jijiya, a manne da danko, kuma takan ci shekara ko fiye kafin ta bushe ta kammala. Sana'a ce babba, har UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa harbin gargajiyar Turkiyya cikin al'adun da take karewa a 2019. Amma wadda ka gani da araha kusan tabbas ta faiba ce da aka yi wa siffar waccan. Wannan ba aibi ba ne, a wurinka ma alheri ne: faiba ba ruwanta da damina ko hunturu, ita kuwa ta ƙaho laima tana sassauta mata danko, zafi yana murɗe ta. Abin da ya kamata ka sani shi ne gajeriya ce, an yi ta don a ja da babban yatsa da zobe. In ka ja da yatsu uku za ta matse maka su. Idan salon kake so, ka sayi zoben tare da ita, daidai yatsanka. Idan kuwa harbin ne kawai a ranka, nemi mai kwancewa gida uku, irin Samick Sage mai tsawon inci 62. Ranar da ƙarfinka ya ƙaru, fikafikan biyu, wato sassan sama da ƙasa masu lanƙwasa, kawai za ka canja, mariƙin yana nan.

Malam, me zai kai mu sayen bakar waje alhali ga maharbanmu? A garinmu, kusa da Birnin Kudu, akwai tsohon da yake yin baka. Ta gida ba ta isa ba ne?

Ɗan'uwa, ta isa har ta yi saura, in an san aikin da aka yi ta dominsa. Da irinta jama'ar Shehu Usmanu suka tari dawakin Gobir a Tafkin Kwatto a 1804, kuma har yau garuruwa da dama suna naɗa Sarkin Baka. Sai dai bakarmu ta farauta ce. Itace guda ne ko gora, janta gajere, kibiyarta ta kyauro ba gashi a gindi, kan ƙarfe kuma aikin maƙeri. Maharbi yana sanɗa har ya matso kusa, sauran aikin dafi ne ke yi, wanda ake dafawa da kwankwani. Don haka kar ka tsaya taku arba'in kana neman ta zuba kibau wuri guda kamar ta masu gasa, ka ce tsoho ya cuce ka.

In za ka saya, je ka da kanka, ka gaida shi yadda ya kamata, ka roƙe shi ya ɗaura tsarkiya a gabanka. Kafa ƙarshen bakar a ƙasa ka leƙa ta tsaye, ka ga ko tsarkiyar ta bi tsakiya ko ta karkata. Shafa bayanta da yatsa, wato gefen da ke kallon abin hari. Nan ne take miƙewa idan an ja, kuma nan take fara tsagewa. Ƙulli ko ramin gara ko tsaga mai kaurin gashi a wannan gefe, ka ajiye ka ɗauki wata. Ja ta a hankali kana kasa kunne. Ƙas ɗin da za ka ji, komai ƙanƙantarsa, sallama ce. Tambaye shi yaushe ya sari itacen, don ɗanye yana yin kyau a kasuwa, hunturu na zuwa ya tona masa asiri.

Wani abu da ba na wasa da shi: ka ce ya yi maka sababbin kibau marasa kunne, waɗanda ba su taɓa ganin dafi ba. Tsofaffin da ke cikin kwarinsa, ko kyauta ya ba ka, ka yi godiya ka bar masa. Gida da yara ba wurin ajiye su ba ne.

Malam, ɗana mai shekara 12 ya dame ni sai na saya masa baka. Malaminsu na Islamiyya ya ba su labarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas a ranar Uhudu. Ina tsoro.

Hajiya, tsoronki yana kan hanya, amma in kin hana shi zai lanƙwasa reshen dalbejiya ya yi tasa a bayan idonki. Ki saya masa ta faiba mai laba 12 zuwa 16, da kibau shida masu dakusasshen kai. Baduku ya ɗinka masa fatar da zai ɗaura a hannun hagu, don dukan tsarkiya yana barin shaida. A cika buhu da tsummoki a jingina da katanga, inda ba ƙofa ba hanyar awaki, ya tsaya taku goma, babba yana kusa. Ki kafa masa doka tun ranar farko: ba a ja a saki tsarkiya babu kibiya, domin ƙarfin yana komawa jikin bakar ya fasa ta, kuma ba a harba sama. In ya gama a kwance tsarkiyar, kar a bar bakar a rana ko cikin mota. Kibau kuwa a ɗakinki za su riƙa kwana.