Amsar Baffa ga Zulai kan karatun wasa da kiɗa

'Yata Zulai, bayan gaisuwa, saƙonki ya iso. Kin ce Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ki gurbi a sashen wasan kwaikwayo, inda za ku karanci al'adu da kiɗa da fim, har da matsayin addini a kansu, amma goggonki ta ce gidanmu bai gaji roƙo ba, kada ki jawo mana abin faɗa. Kina so ki ji ko da gaske al'ada ta hana, kuma daga ina hanin ya taso.

Goggonki ba ƙirƙira ta yi ba, da haka aka rene mu. A ƙasar Hausa sana'a gado ce, kiɗa ma haka, kuma kowane rukuni da nasa. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, manoma na da gangarsu, kotso da taushi na makaɗan fada, tambari da kakaki kuwa sai sarki. Makaɗi yana da ubangida mai ba shi riga da doki da hatsi, har ya yi masa aure, shi kuma ya riƙa raya sunan gidan. To mutumin da cinsa da shansa ke hannun wani, Bahaushe ba ya ajiye shi a sahun gaba. Ga kuma tsoron bakinsa, don mai iya yabo ya iya zambo. Kin sha gani ranar biki. Maroƙi ya tsaya a bakin zaure ya jero kakanninmu ɗaya bayan ɗaya, kan kowa ya kumbura, a yi ta tura masa kuɗi a aljihu. Ya kuskura ya aiko neman auren 'yar gidan, a ce masa ai an riga an yi mata miji. Al'adar ke nan. Ban ce adalci ba ce, amma abin da take ƙyama a fili yake: mutum ya mayar da yabon wani hanyar cin abincinsa. Sanin abin da ke cikin waƙa bai taɓa zama abin kunya ba. Tsofaffin gidanmu da ba za su taɓa ganga ba, su ne suka fi kowa haddace Narambaɗa da Ɗanƙwairo, suna musu a kan wane sarki ake nufi da wane baiti.

Shi kansa gadon ya daɗe da sassautawa. Mamman Shata bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa ma bai so ba, amma a 1988 jami'ar da ta ɗauke ki ta ba shi digirin girmamawa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin makaɗa yana rubuta tarihinsu da waƙoƙinsu, ban ji wanda ya kira shi maroƙi ba.

Wasan kwaikwayo kuwa ba na wani gida ba ne, na kowa ne. Azumi na yin kwana 10 yara ke fita tashe, ɗan liman da ɗan mahauci a ayari ɗaya. A liƙa wa yaro gemun auduga, a ba shi sanda, ya ranƙwafa yana tari, 'yan'uwansa na amshi, mutanen gida na dariya suna ɗebo hatsi. 'Yan mata su ɗauki Mairama da Daudu, suna koya wa junansu zaman aure tun ba su san aure ba. A Kano Nalako, sarkin gwauraye, ya bi su, a ɗaure katon mutum a zaga gari da shi don ya ƙi yin aure. Wannan ai hukunci ne aka naɗe cikin raha. A fada akwai wasan gauta, inda matan gidan sarki ke kwaikwayon sarki da hakimansa, shi yana zaune yana kallo, ya ga halinsa a jikin wata ba tare da wani ya buɗe baki ya gaya masa ba. A ƙauye bayan kaka samari su yi kalankuwa, su naɗa nasu sarki da alƙali. Goggon taki ma ta yi tashe, ki tambaye ta cikin ladabi. Da boko ya zo, Malam Aminu Kano, ɗan gidan malamai, ya rubuta wasanni yana jan kunnen azzalumai, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma, Shaihu Umar, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976.

Ta fuskar addini, fatawa ta malamai ce, kuma sun saɓa. Shehu Usmanu ya soki kiɗe-kiɗen banza da cuɗanyar maza da mata, amma da waƙa shi da mutanensa suka kai karatu ƙauyuka. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, waƙoƙi take ba jagororin mata da ake kira jaji su haddace, su koma su karantar da 'yan taru, wato matan da ke taruwa neman ilimi. Har gobe Ƙadirawan Kano na zikiri da bandiri, wasu malaman kuma na cewa bai halatta ba. Za ki tarar da wannan saɓanin a aji. Ki saurari hujjar kowa daga bakin masu ita kafin ki ɗauki ɓangare.

In kin bi ta zuciyar goggonki, ba kalangu take tsoro ba, fim take tsoro. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, finafinan Kano suka shiga kowane ɗaki, suka kwaso rawa da waƙa irin ta Indiya, iyaye suka fara ɗaure fuska. Gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. A 2016 gwamnatin tarayya ta so gina ƙauyen fim a jihar, malamai suka taso, aka fasa. A ganina matsalar ba ta kyamara ba ce. Da yawa daga masu shirya finafinan a gaban allo suka koyi aikin, ba su zauna da tsofaffi sun ji yadda ake neman aure ko yadda suruka ke kunyar suruki ba. Masu sukar su ma da yawa ba su san yadda ake gina labari ba, sai a yi ta jifa daga nesa. Mai sanin ɓangarorin biyu shi muka rasa, kuma a sashe irin naki ake sa ran samun sa.

Sashen yana da tarihin da zai ba ki sha'awa. Wani Bature, Michael Etherton, ya fara koyar da wasan kwaikwayo a can a 1975, aka gina musu gidan wasa da laka, fasalin gidan Bahaushe mai ɗakuna kewaye da tsakar gida. Daga nan ɗalibai suka riƙa shiga ƙauyukan kewayen Zariya, su zauna da manoma su ji kukansu na taki da filaye da haraji, su haɗa wasa tare da su, a yi shi a dandali, a tsaya a tattauna. Ɗaya daga cikin irin waɗannan wasanni shi suka kira Wasan Manoma. Masu irin wannan horon yau suna gidajen rediyo da talabijin, wasu na koyarwa, wasu na aikin wayar da kai kan rigakafi da karatun 'ya'ya mata.

Sai dai ba zan ɓoye miki ɗacin ba. Karatun ba na takarda kaɗai ba ne, dole ki hau dandamali, kuma da maza a ajin. Gwajin wasa kan kai dare. Ranar da manema suka fara zuwa, za a sami mai raɗa wa dangin miji cewa ai 'yar dirama ce, ba zai tsaya bambance ɗaliba da 'yar fim ba. Wannan nauyin ya fi sauka a kan mace, ki san da shi tun yanzu. Ni ra'ayina ki tafi, amma da yardar mahaifinki, ba a bayan idonsa ba.

Kafin nan ki nemi wata ɗaliba 'yar gida da ke shekarar ƙarshe a sashen, ki tambaye ta ƙarfe nawa ake tashi daga gwaji, ko ana tilasta wa mace suturar da ba ta so, da kuma nisan gidan wasan daga ɗakin kwanan mata. Ki turo mini amsar tare da jerin darussan shekarar farko, don in na zauna da mahaifinki bayan Juma'a in riƙe takarda a hannu. Goggonki kuwa ki bar ni da ita, kada ki yi mata musu. Ki gaida mamanki da ƙannenki.