Sabbin bayanai sun shigo dandalin taswira ina tsakiyar bincike: shin in sake aikin daga farko?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai neman digiri na biyu a fannin labarin ƙasa, ina zaune a Birnin Kebbi, kuma bincikena a kan gonakin shinkafa ne na fadamar Argungu da Augie bayan ambaliyar 2020. Na yi nisa da aiki da taswirar WorldCover ta 2020, mai nuna abin da ke rufe ƙasa kamar gona da dausayi, wadda na sauke daga dandalin taswira na intanet da sashenmu ke amfani da shi, sai ga sanarwa cewa an ƙara ta 2021, an kuma sabunta ƙiyasin yawan jama'a. Da na ɗora ɗaya a kan ɗaya sai na ga wurare da dama da aka nuna dausayi sun koma gona, wasu gonakin kuma sun koma ciyawa. Malamin da ke duba aikina ya ce in yi amfani da mafi sabo. Shin wannan bambancin aikin ambaliya ne, kuma in watsar da abin da na riga na yi?

AMSA

Wa'alaikumus salam, Malama. Kada ki watsar da komai tukuna, kuma kada ki rubuta a kundinki cewa ambaliya ce ta kawo bambancin da kika gani, domin waɗannan taswirori biyu ba za su iya ba ki shaidar hakan ba.

Dalilin yana cikin yadda aka yi su. Hukumar sararin samaniya ta Turai ce ta fitar da WorldCover, daga hotunan taurarin ɗan'adam na Sentinel-1 da Sentinel-2, inda aka yanka doron ƙasa gida-gida, kowane gida mita 10 tsawo mita 10 faɗi, aka kuma jefa kowane gida cikin ɗaya daga rukuni 11, kamar gona, ciyawa, itatuwa, gine-gine, ruwa mai zama da dausayi. Ba mutum ne ya zauna ya duba kowane gida ba, kwamfuta ce aka koya wa rarrabewa ta hanyar nuna mata misalai. Taswirar 2020 an yi ta da bugu na farko na wannan dabarar, ta 2021 kuma da bugu na biyu wanda aka yi wa gyara, shi ya sa za ki ga v100 a jikin sunan fayil ɗin farko, v200 a jikin na biyu. Masu taswirar da kansu sun yi gargaɗi a takardar bayaninta cewa bambancin da ke tsakanin shekarun biyu ya haɗa canjin da ya faru a ƙasa da canjin da gyaran dabarar ya haifar, kuma babu hanyar raba su ta kallon taswirorin kaɗai. Daidaiton da suka bayar a matakin duniya shi ne kashi 74.4 cikin ɗari ga ta 2020, da kashi 76.7 ga ta 2021. Wato ko a wadda ta fi kyau, kusan gida ɗaya cikin huɗu na iya faɗawa rukunin da ba nasa ba.

Fadama irin tamu tana cikin wuraren da wannan kuskure ya fi yawa. Fili ɗaya a bakin Gulbin Kebbi yakan zama tafki a watan Satumba, laka da ciyawa a Nuwamba, sannan shinkafar rani kore shar a Maris, alhali taswirar suna ɗaya tak za ta ba shi na shekara gaba ɗaya. Na taɓa zuwa da ɗalibai wani yanki na fadamar a cikin watan Fabrairu, muna riƙe da taswirar da ta ce wurin dausayi ne babu noma. Muka tarar da injinan ban ruwa suna ta ƙugi a bakin rijiyoyin burtsatse, an yanka ƙasar fala-fala da kunyoyi, yara suna ɗauko damman iri a ka ana dasawa cikin ruwa iya idon sawu. Mai gonar, wani dattijo, ya dubi takardar da ke hannuna ya ce tun yana bin mahaifinsa gona shinkafa ake yi a nan. Idan bugu na gaba ya gyara wannan gurbi ya kira shi gona, wanda bai taka wurin ba zai rubuta cewa an sare dausayi an mai da shi gona cikin shekara guda, alhali ƙasar tana nan yadda take.

Don haka duk lokacin da dandali ya sanar da sabbin bayanai, abin da za ki fara tambaya shi ne mene ne sabon a cikinsu. Wani lokaci sabon kallo ne na gaske, tauraro ya sake wucewa ya ɗauki hoton da babu shi a da. Sentinel-2 yana dawowa kan wuri ɗaya kusan duk kwana 5, taurarin Amurka Landsat 8 da Landsat 9 kuma kowannensu duk kwana 16, to wannan ƙari ne da ba ya taɓa abin da ke hannunki. Wani lokacin kuwa tsohon hoto ne aka sake sarrafawa, kamar yadda hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta yi da ta fitar da tari na biyu na hotunan Landsat a 2020, ta janye na farko a ƙarshen 2022. Hoton rana ɗaya ne, amma lambobin cikinsa da zamansa a kan taswira sun ɗan motsa.

Akwai misali ɗaya da nake so ki riƙe da kyau, tun da aikinki ya shafi shinkafar rani. Daga 25 ga Janairun 2022 an canja yadda ake ajiye lambobin hotunan Sentinel-2, aka ƙara 1000 a kan kowace lamba, da nufin mai amfani ya cire ta kafin ya yi lissafi. Wanda bai sani ba, idan ya auna koren ganye da ma'aunin NDVI zai ga sakamakon ya faɗi ƙasa farat ɗaya, kuma ranar ta zo daidai lokacin da ake tsakiyar dashe a fadamun Kebbi. Ɗalibi zai iya zama ya rubuta shafuka a kan ƙarancin taki ko cutar da ta kama shinkafa a wannan shekarar, alhali ko ganye ɗaya bai yi rawaya ba. Ana gane wannan daga sunan fayil: idan kika ga N0400 ko lambar da ta fi ta, to ƙarin yana ciki. A dandalin sarrafa hotunan tauraro na Google Earth Engine akwai tarin da aka riga aka daidaita, amma in daga wani wuri kika sauke, sai kin karanta takardar da ke rakiyar hoton kin ga ko an cire.

Batun yawan jama'a ma haka yake. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ta 2006 ce, kuma duk wani adadi da kika gani a taswira na bayan wannan shekarar ƙiyasi ne. Masu binciken WorldPop na Jami'ar Southampton a Ingila, tare da shirin GRID3, suna ƙirga mutane a zaɓaɓɓun unguwanni, su haɗa da yawan gine-ginen da aka gano daga sama, sannan su ƙiyasta na kowane gida mai faɗin kusan mita 100. Idan aka samu sabuwar taswirar gine-gine da ta gano rugage da tungayen masunta da ta farko ta tsallake, adadin mazaɓa zai tashi ko da ba a haifi kowa ba. Ba daidai ba ne a ɗebe tsohon bugu daga sabo a kira ragowar ƙaruwar jama'a. Ki kuma lura da iyakokin mazaɓu: Kebbi tana da ƙananan hukumomi 21 da mazaɓu 225, amma layukan da ke kewaye da mazaɓun a dandamalin intanet galibi na gudanar da aiki ne, an zana su don ayyuka irin na rigakafi, kuma ana gyara su daga bugu zuwa bugu. Layi na matsawa kaɗan, ƙauye guda ya tsallaka wata mazaɓar da mutanensa da gonakinsa.

A wasu ƙasashe jami'o'i suna da ƙofa ɗaya da suke shiga. A Birtaniya akwai Digimap, wanda cibiyar EDINA ta Jami'ar Edinburgh ke gudanarwa tun shekarar 2000, inda ɗaliban makarantun da suka biya kuɗin rajista ke samun taswirorin hukumar safiyon ƙasar da tsofaffin taswirori da na duwatsu da hotunan sama a wuri ɗaya, kowanne da kwanan watan bugunsa. Mu a nan tsintowa muke yi daga wurare daban-daban, tsayin ƙasa daga nan, ruwan sama daga can, hanyoyi daga OpenStreetMap wanda kowa na iya gyara shi a kowace rana. Wannan ya sa nauyin lura da bugu ya dawo kan ɗalibi shi kaɗai, kuma a ganina sassanmu ba su ba wannan darasi muhimmancin da ya kamata ba. Ana koya wa ɗalibi yadda zai zana taswira mai kyan launi, amma da wuya a tambaye shi ranar da aka ɗauki hoton da ya zana ta da shi.

Ga abin da nake ba ki shawara. Tambayar bincikenki ita ce me ambaliyar 2020 ta yi wa gonakin shinkafa, kuma taswirar shekara-shekara da aka yi wa duniya baki ɗaya ba ta da ƙwarin ɗaukar wannan tambaya, ko tsohuwa ko sabuwa. Ki koma ga ainihin hotunan, ki zaɓi na wata ɗaya a kowace shekara, misali Maris na 2020 da Maris na 2021, daga tauraro ɗaya, ki rarrabe su da kanki da hanya ɗaya da misalai iri ɗaya. Ta haka duk kuskuren da ke cikin hanyar zai hau kan shekarun biyu daidai, abin da ya rage kuma ya fi kusa da zama canji na gaske. Don gano inda ruwan ya kwanta a Agusta da Satumba, gajimare zai rufe miki yawancin hotunan Sentinel-2, sai ki nemi na Sentinel-1 mai aiki da rada, wanda ke ratsa gajimare dare da rana, kuma shimfiɗaɗɗen ruwa ke fitowa baƙi a cikinsa. Shi ma yana da inda yake ruɗi: shinkafar da ta yi tsayi ruwa na ƙarƙashinta takan fito da haske, busasshen rairayi kuma yakan yi duhu kamar ruwa.

Sannan ki je fadamar. Ki ɗauki maki, wato ainihin matsayin wurare, da na'urar GPS a gonaki da dausayi da makiyaya, kina tsayawa a tsakiyar fili mai faɗi, domin kuskuren waya na 'yan mitoci ya isa ya jefa ki gidan da ke maƙwabtaka idan kika tsaya a kan iyaka. Ki tambayi manoma da malaman gona abin da aka shuka a wurin kafin ambaliya da bayanta, da inda ruwan ya bar rairayi har gona ta daina yi. Inda hanya ba ta da tsaro kada ki matsa, ki dogara da hotuna masu kaifi da bayanin mutanen wurin, ki kuma faɗi haka a fili cikin kundin. Ki ware wani kaso na makin kada ki koyar da kwamfuta da su, ki ajiye su don gwada taswirar da kika fitar. Da waɗannan makin ne kuma za ki auna WorldCover ta 2020 da ta 2021, ki ga wacce ta fi dacewa da fadamar Argungu da Augie, wanda shi kansa sakamako ne da ya cancanci shafi a kundinki.

Maganar malaminki tana da tushe, domin galibi sabon bugu ya fi tsohon inganci, kuma ranar kare kundi za a iya tambayarki dalilin da ya sa kika bar shi. Abin da ba ya halatta shi ne gauraya su, rabin babi da wannan rabi da wancan. Ki je masa da shafi ɗaya: ki ɗauki ƙaramar hukuma guda, ki maimaita lissafin da bugun biyu, ki nuna masa inda suka haɗu da inda suka rabu, ki haɗa da gargaɗin da masu taswirar suka rubuta. Idan hukuncin bincikenki bai canja ba, sai ki ci gaba da wanda kika fara, ki ambaci gwajin. Idan ya canja, sai ku zauna ku yanke wanda za a bi gaba ɗaya, kuma na tabbata malami zai fi gamsuwa da ɗalibar da ta zo da hujja a rubuce.

Daga yau ki buɗe littafi na musamman don bayananki. Duk fayil ɗin da kika sauke ki rubuta sunansa cikakke, da lambar bugunsa, da ranar da aka ɗauki hoton, da ranar da kika sauke, da tsarin awon da yake kai. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci idan za ki haɗa da tsofaffin taswirorin safiyo na Najeriya, waɗanda aka gina a kan tushen awo na Minna, alhali GPS da hotunan tauraro suna kan tushen awo na WGS84, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta kai gomomin mitoci, abin da zai iya sa ki zaci gulbi ya canja hanya. Argungu da Augie suna cikin shiyya ta 31 ta arewa a tsarin awo na UTM, wanda ya raba duniya shiyya-shiyya. Ki ajiye ainihin fayilolin ba tare da kin taɓa su ba a wuri biyu, kwamfuta da wata ma'ajiya daban, domin dandamali sukan janye tsohon bugu, wasu ma a rufe su gaba ɗaya a buɗe sabbi, kamar yadda aka rufe tsohuwar ma'ajiyar hotunan Sentinel a 2023 aka koma sabuwa. Na ga ɗalibin da aka nemi ya maimaita lissafinsa makonni kaɗan kafin kare kundi, ya koma dandalin ya tarar bugun da ya yi aiki da shi babu shi, kwafinsa kuma ya tafi da kwamfutar da ta lalace, sai da ya sake babi biyu. Idan kin gama gwajin ƙaramar hukumar da na ambata, ki aiko da abin da kika samu tare da sunayen fayilolin, mu duba tare. Allah ya ba da sa'a.