Amsa ga Ƙanwata ta Makka Kan Tsarin Abincin Rage Ƙiba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, 'yan uwa na wannan zaure, da fatan kowa ya wuni lafiya. Ƙanwata, na saurari muryar da kika aiko jiya da daddare, inda kika ce maƙwabciyarki ta daina cin shinkafa da burodi, ta koma nama da ƙwai da man shanu, jikinta ya zabge cikin wata biyu, ke ma kina son a turo miki jadawalin ki bi. Na kuma ji kin ambata a tsakiyar magana cewa kina shan maganin ciwon sukari safe da yamma. To, wannan 'yar maganar ce ta sa na ce bari in yi miki bayani kafin wani ya turo miki komai.

Akwai magungunan sukari, irin su allurar insulin da ƙwayar gliclazide, waɗanda suke sauko da sukarin jini ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba. Idan kika yanke shinkafa da burodi dare ɗaya alhali maganin yana nan yadda likita ya rubuta shi, sukarin yana iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar awon sukari, sai gumi mai sanyi da rawar hannu da jiri, wani lokaci har da suma. Na gani da idona a gidanmu nan Jidda, lokacin da gwaggon maigidana ta kwaikwayi irin wannan tsari ba tare da ta gaya wa kowa ba. Bayan la'asar muka same ta zaune a kan darduma, carbi ya suɓuce mata, mayafinta ya jiƙe sharkaf, tana magana harshe yana harɗewa, sai da muka ɗura mata ruwan lemo mai zaƙi sannan ta gane mu.

Saboda haka a fara da awo, sannan a zo kan jadawali. Ki je asibitin unguwarku a yi miki gwajin HbA1c, wanda yake nuna yadda sukarinki ya kasance cikin kimanin wata uku, a auna hawan jini, a duba aikin ƙoda. Sakamakon nan ne zai faɗi abin da ya dace da ke. Wadda ƙodarta ta yi rauni, yawan naman da ya karɓi maƙwabciyarki ƙarin nauyi ne a kanta, kuma ana iya taƙaita mata dabino da ayaba saboda sinadarin potassium. Mai hawan jini ita gishiri ne abin lurarta, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a cikin lissafin har da dunƙulen ɗanɗano da zaitun da cuku. Mai juna biyu da mai shayarwa kuwa ba su da hurumin rage abinci da ka.

A ganina, tsarin da zai ɗore miki shi ne wanda aka gina a kan tukunyar gidanki. Matsalarmu a nan ita ce tiren kabsa, wato dafa-dukar shinkafa da nama, da ake ajiyewa a tsakiya, kowa ya sa hannu ana hira, a tashi babu wanda zai iya cewa ga iyakar abin da ya ci. Ki zuba naki a faranti daban: rabinsa ganye, ko salak ko lalo, wanda a nan ake kira mulukiya, ko kuɓewa, kashi ɗaya cikin huɗu kaza ko kifi ko wake, ragowar farantin kuma shinkafa ko malmalar tuwo daidai dunƙulen hannunki. Ful ɗin safe, wato dafaffen wake, abinci ne mai kyau, sai dai a rage man da ake kwarara masa, burodin tamis ɗin nan mai faɗin faifai kuma a raba shi da yara.

Abin sha ya fi cutar da mu, don ba ma lissafa shi a cikin abinci. Gwangwanin lemo na mililita 330 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babban mutum kimanin giram 50 ne a yini, ga kuma shayi mai madarar gwangwani sau uku. Ba banza ba gwamnatin Saudiyya ta ɗora wa lemon gas harajin kashi 50 cikin ɗari a shekarar 2017. Dabino ma, duk da albarkarsa, fiye da rabin nauyinsa sukari ne, kuma na san yadda dabinon nan da ake kira sukkari yake tafiya da gahawa idan an yi baƙi. Ki ƙirga abin da likita ya yarje miki ki ajiye a gefe kafin a fara hira.

Kafin ki je asibitin, ki rubuta duk abin da kika ci da abin da kika sha na kwana uku, har da lomar ɗanɗana miya, ki tafi da takardar da kwalayen magungunanki, ki gaya wa likita kai tsaye cewa kina son rage ƙiba domin ya daidaita miki maganin. Gwajin HbA1c ba ya buƙatar a je da azumi, ki karya kumallonki ki sha maganinki yadda kika saba. In sakamako ya fito, ki kira ni ta layina, kada ki sa shi a zaure. Wassalamu alaikum.