Amsa ga ƙanenmu mai shirin tafiyar kwana shida a kan dusar ƙanƙara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun bayan la'asar na ga tambayar ƙanenmu, na so in yi shiru saboda kun san ni da dogon zance, amma na kasa. Ya ce ya zo hutu gida, a Fabrairu zai koma bakin aikinsa a Siwizalan, kuma abokan aikinsa sun sa sunansa a tafiyar kwana shida a kan siki, wato dogayen allunan nan da ake ɗaurawa a ƙafa ana zamiya a kan dusar ƙanƙara, daga garin Shamoni na Faransa zuwa Zarmat na Siwizalan cikin Afrilu, wadda suke ce wa Haute Route. Yana tambayar me zai saya a nan Kaduna tunda can kaya wuta suke yi, da kuma wace irin babbar jaka ce za ta ɗauke masa kayan sanyin kwana shida. Wallahi da na karanta "babbar jaka" sai da gabana ya faɗi, don ni ma daga nan tawa wahalar ta faro a 2016.

Ƙanena, kar ka nemi babbar jaka. Mai lita 30 zuwa 35 ta ishe ka, kuma idan ka gama lodi ka ɗora ta a sikeli, kar ta wuce kilo 10 har da ruwan sha. A masaukan kan dutsen nan ana ba da bargo, ana ba da abincin dare da na safe, har silifas suna da shi a bakin ƙofa. Ɗan siririn zanen kwana mai kamar buhu kawai za ka ɗauka, shi ne dole. Ni da nake karatu a Girenobul ta Faransa na zo hutu kamar kai, na shiga Kasuwar Barci na kwaso gwanjo: jibgegiyar rigar sanyi irin ta masu gadin dare, suwaita uku, wandon jins biyu, safa dozin guda. Hajiya ta ƙara mini da bargo mai zanen damisa. Daren da za mu tashi ɗan jagoranmu ya rataya jakata a sikeli, kilo 17. Bai ce uffan ba, ya zazzage ta a ƙasa gaban mutum biyar, yana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya yana jefarwa gefe. Da ya zo kan bargon sai da wata Baturiya ta juya baya don kar in ga dariyarta.

Mu abin da ke cutarmu shi ne tsoron sanyi. Muna auna shi da hunturun Janairu, ka fito sallar asuba haƙora na kaɗawa, sai mu ce to can ninki goma ne, a ninka kaya sau goma. Ba haka abin yake ba. Idan kana hawa da jaka a baya, gumi kake yi kamar mai dakon buhu a Kasuwar Gumi cikin watan Maris. Sanyin yana jiran ka ne a sama, inda za ku tsaya iska na kaɗawa. Ni na ɓoye singiletin auduga guda biyu na sa a ciki, a ganina na yi wayo. Muna isa saman wuyan dutse na farko ta jiƙe sharkaf, minti biyar da tsayuwa ta koma kamar an manna mini ƙanƙarar firji a gadon baya. Auduga ba ta bushewa a jiki. Ka sa siririyar rigar ulu a kan fata, wata mai ɗan kauri a kanta, sai mai tare iska da ruwa a waje, sannan mara nauyi ɗaya mai gashin agwagwa da za ka zura duk lokacin da aka tsaya. Safa ƙafa biyu, safar hannu siririya da mai kauri, hula. Za ka yi wari, kowa ma yana yi, ba mai kallon wani.

Amma takalmi nake so mu yi magana a kai, don shi ya raba ni da tafiyar. Waɗanda muka hau Kufena tare bara sun ga tabon a dunduniyata. Kuskurena na farko, sai ana gobe tafiya na je hayar takalmi. Mai shagon, ba zan faɗi sunansa ba, ya dubi ƙafata ko aunawa bai yi ba, ya ce wai mu 'yan Afirka ƙafarmu faɗi gare ta, ya miƙo mini wanda ya fi ni da lamba guda. Na ce masa dunduniyata tana ɗagawa a ciki. Ya ce in ƙara safa. Na sake faɗa, ya dubi agogo ya ce zai rufe shago. Ni kuma da kunyar nan tamu ta kar a ce baƙo ya cika fitina, na biya na fito har ina yi masa godiya. Har yau idan na tuna godiyar nan sai raina ya ɓaci.

Rana ta farko ɗan zafi nake ji. Rana ta biyu bororo ya fito a dundunniya biyun. A rana ta huɗu muka bi gefen tafkin Dix, doguwar hanya a karkace, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, awa da awanni, kowane taku kamar ana goga mini faso a kan nama. Kamar hakan bai isa ba, fatar da ya ba ni, wadda ake mannawa a ƙarƙashin siki don kar ka zame baya idan kana hawa, tsohuwa ce gam ɗinta ya mutu. Muna tsakiyar wani hawa mai tsayi da suke ce wa Pas du Chat sai ta hagu ta ɓalle. Na zame, na durƙusa, na cire safar hannu ina ƙoƙarin mayar da ita, yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa. Mutum biyar suna tsaye a sama suna jirana a inda bai kamata a daɗe a tsaye ba. Ɗan jagora ya sauko ya naɗe ta da salatif da wani ɗan maɗauri na roba. Da muka isa masauki na cire takalmi, safar ta manne da jini, sai da na jiƙa ta da ruwan ɗumi kafin ta fita, kuma ta fito da fata. Na shiga ɗakin ajiye takalma na zauna a kan benci na yi kuka, ni da gemuna. Washegari su suka nufi ƙololuwar dutsen Pigne d'Arolla, ni kuma aka haɗa ni da wasu masu sauka, muka hau tsanin ƙarfen nan na Pas de Chèvres muka gangara ƙauyen Arolla, na shiga motar bas. Da na mayar wa mutumin nan kayansa na nuna masa ƙafata, buɗar bakinsa sai cewa ya yi ai dutse ba na kowa ba ne. Ya kuma caje ni kuɗin kwana shida cif. Na bar shi da Allah.

Don haka kana komawa a Fabrairu ka fara da takalmi. In da hali saya naka, a auna ka, a gasa cikinsa ya ɗauki siffar ƙafarka, ka yi hawa da shi aƙalla sau huɗu ko biyar kafin ranar. Yatsu su samu wurin motsi, dunduniya kuma kar ta ɗaga ko kaɗan. Fatar siki ka buɗe ta a shagon ka taɓa gam ɗin da hannunka. Idan ka cire ta a kan hanya ka cusa ta cikin rigarka, ɗumin jiki ne ke riƙe gam. Filastar bororo kuwa tun kafin ya fito ake mannawa, kana jin ɗan zafi ka ce a tsaya, kar ka ji kunya.

Af, kafin in manta, ka san nau'in jininka, AA ne kai ko AS mai ɗauke da ƙwayar sikila? Ba wasa nake ba. Mu nan mita ɗari shida da 'yan kai muke zaune, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, Chappal Waddi, mita 2,419 ne, kai kuma za ka kwana a masaukin Vignettes sama da mita 3,100, ka hau kusan 3,800. Mai AS yana iya samun matsalar saifa a irin wannan tsawo. In AS ne kai, ka ga likita ka faɗa masa inda za ka, kafin ka biya ko sisi.

Kayan tsira kar ka nemi arha, kuma kar ka nema a nan. Na'urar da ake gano wanda ƙanƙara ta zaftaro ta binne, da shebur na ƙarfe, da doguwar sandar nan mai naɗewa da ake soka dusar da ita, ukun nan ba sa rabuwa da kai. Wanda aka tono cikin minti 15 galibi yana rayuwa, bayan nan abin sai addu'a, don haka ka je ka koyi aiki da su, rataya kawai ba ta wadatar. Na'urar a jikinka take zama ƙarƙashin riga, da sabon batir, kuma kar ka haɗa ta aljihu ɗaya da waya, tana rikita ta. Sai ɗamarar igiya saboda ramukan da ke cikin daskararren kogin ƙanƙara, da gatari, da haƙoran ƙarfe na takalmi da na siki. Duk ana haya. Ka yi inshorar jirgi mai saukar ungulu, ka ajiye lambobin gaggawa 112 da 144 a wayarka. Shekara biyu bayan tawa, ƙarshen Afrilun 2018, guguwa ta rutsa da mutum 14 a kusa da Vignettes ɗin nan, suka kwana a waje, bakwai suka rasu, kuma masaukin bai fi 'yan ɗaruruwan mitoci daga inda suke ba. Ranar da na ji labarin ban iya cin abinci ba. Shi ya sa duk rage kayan da za ka yi, rigar gashin agwagwar nan da safar hannu mai kauri da tabaran guguwa su zauna a jaka. Kuma na ga ka ce shekara biyu kake siki. In a kan shararriyar hanya kaɗai ka saba, ka gaya wa ɗan jagora gaskiya tun yanzu.

Baƙin tabarau mai lamba 4 wajibi ne, hasken dusa yana ƙona ido. Kar ka ce mu baƙaƙe rana ba ta cin mu, leɓena sai da ya tsage ya yi jini, hancina ya saɓule.

Abin da za ka saya a Kaduna kaɗan ne: dabino, soyayyar gyaɗa, man kaɗanya don leɓe, sai in ka dace da rigar ulu ta gaske a gwanjo, ka duba takardar wuyanta. Kilishi kar ka soma, ba a shiga Turai da nama daga nan. Ka sa a gaya wa masaukan tun wuri ba ka cin alade, mafi sauƙi ka ce abincin marasa cin nama kake so. Ruwa saye ake yi da tsada, don a sama famfo a daskare yake, saboda haka ka riƙe tsabar kuɗin Siwizalan da ɗan yuro, ba ko'ina kati ke aiki ba. Batun alwala da haɗa salla ka tambayi malami kafin ka tafi, ni dai na yi ƙasaru, kuma ɗan siririn ƙyalle na ɗauka maimakon darduma. Abin toshe kunne ma kar ka manta, ɗaki ɗaya za ku kwana da mutum ashirin, minsharin wani kamar janareton maƙwabci.

Jakar da na saya daga baya mai lita 32 tana nan a gida, zif ɗinta lafiya lau, ka biyo ta Unguwar Rimi ranar Asabar bayan azahar ka ɗauka, ka zo da jerin kayanka mu zauna mu soke rabi. Ɗamarar igiyar ce ba zan ba ka ba, ta tsufa. In Allah ya kai ka ranar ƙarshe kuka hau wuyan dutsen Col de Valpelline, aka ce daga nan dutsen Matahon yake bayyana a gabanka, ka ɗauko mana hoto ka turo nan, don ni a bas na wuce.