Akwatin Mai Hoto: Farin Ganye, Jabun Filta da Lambar Ingila

Wasiƙun makon nan kusan duk a kan abu guda suka faɗo, wato hoton infirared, wanda ake ɗauka da hasken da ke gaba da ja, wanda idon ɗan'adam ba ya gani. Tun da aka fara yawo da hotunan gonakin shinkafa sun fito fari fat kamar an baza auduga, sama kuma baƙa wuluk, kowa ya tashi sai ya yi irinsa. To, bismilla.

Malam, ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Kiyawa. Ina son haɗa jerin hotunan karkara na infirared in nemi shaidar ƙwarewa daga ƙungiyar masu hoto ta Ingila. Filta zan saya, ko in aika a juya mini kyamarata gaba ɗaya?

Filta tukuna, Malam. Idonmu yana gani ne daga wajen nanomita 400 zuwa 700 (nanomita shi ne ma'aunin tsawon zangon haske). Sensar kyamara tana jin abin da ya wuce haka, shi ya sa kamfani ke ɗora wani ɗan gilashi a gabanta don ya tare shi. Juya kyamara shi ne a cire gilashin nan a sa wani a madadinsa, kuma daga ranar ta daina aikin biki da suna. Ka ɗauki amarya da ita, fuska ta fito fari sol kamar fatalwa, idanu baƙi ƙirin, ka ga yadda za ku ƙare da dangin ango. Masu wannan aiki da aka sani, irin su Kolari Vision da Life Pixel, a Amurka suke. Da dala ake biya, ga kuɗin aikawa, ga na kwastan, kai kuma ka san albashinka.

Filta irin Hoya R72 ana murɗa ta ne a bakin lensi, ta tare kusan duk hasken da ke ƙasa da 720. Wahalarta ita ce hasken da ke kaiwa ciki kaɗan ne, don haka dole ka kafa kyamara a kan mai ƙafa uku, ka bar ta a buɗe daƙiƙoƙi da yawa, wani sa'in har 30, ko da tsakar rana ce. In akwai iska ganye zai fito kamar hayaƙi. Kafin ka kashe ko sisi, ɗauko rimot ɗin talabijin, ka nufi lensi da shi a ɗaki mai duhu, ka danna. In ka ga ɗan haske a allon kyamarar, tana jin infirared. In ya yi dishi-dishi ƙwarai, aiki da filta zai ba ka wuya.

Ka yi damina guda da filtar. In har bayan girbi zuciyarka na nan, sai ka nemi tsohuwar kyamara marar madubi ta hannu a juya maka ita a kan 720. Na ce marar madubi domin infirared ba ya haɗuwa daidai inda hasken da muke gani ke haɗuwa (tsofaffin lensi ma da jan ɗigo suke zuwa don haka), ita kuwa a kan sensar take saita kaifin hoto, ba ruwanta da wannan matsala.

Ƙungiyar da kake nufi ita ce Royal Photographic Society, wadda aka kafa a 1853. Matakanta uku ne: LRPS da hotuna 10, ARPS da hotuna 15 tare da gajeren bayani a rubuce na abin da kake nufi da su, sai FRPS da 20 ko 21. A mataki na farko suna son ganin hannunka a dabaru iri-iri, don haka jerin infirared zalla ya fi dacewa da na biyu. Ka karanta ƙa'idojinsu na wannan shekarar da idonka, kada ka dogara da abin da wani ya ce wani ya ce.

Da gaske ne wannan kyamarar tana nuna aljanun da ke kan kuka? Kuma za ta kama mini ɓarayin albasa da daddare? Daga Ɗambatta.

A'a, kuma a'a. Hasken rana ne take ɗauka bayan ya daki ganye ya dawo. Mai ganin zafin jiki a cikin duhu wata na'ura ce daban. Ka samo kare.

Malam, na sayi filta a hannun wani mai talla a waya. An rubuta 720 a gefenta, kuɗinta bai kai rabin na shago ba. Duk abin da na ɗauka ja yake fitowa kamar zoɓo, in na mayar baƙi da fari kuma ganyen ba ya yin fari. Ina kuskurena? Daga wajen Bichi.

Kuskurenka ɗaya ne, ɗan'uwa, kuma tun kafin ka danna maɓalli ka yi shi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Jan da ka gani ba shi ne laifin ba, ko filta ta gaske haka hotonta ke fitowa kafin a gyara. Ganyen da ya ƙi yin fari shi ne ya tona asiri. Abin da ke sa ganye fari shi ne ƙwayoyin da ke cikin ɗanyen ganye suna mayar da infirared da ƙarfi, abin da wani masanin Amurka, Robert Wood, ya nuna a hotunansa tun 1910. In filta ta bar jan haske na yau da kullum ya kwararo ciki, sai ya danne wancan, ganye ya fito toka-toka. Abin da aka sayar maka jan gilashi ne kawai, ko ma roba, aka buga masa lamba. Buga lamba kuwa ko mai yin hatimi a bakin tasha zai yi maka.

Ga yadda ake gane ta. Ka ɗaga ta ka kalli bangon gida da rana. Ta gaske kusan baƙa ce, da ƙyar za ka hango wani ja mai duhu can ciki. In kana ganin akuya da turmi ɓaro-ɓaro, ka ajiye masa kayansa. Kada ka kuskura ka kalli rana ta cikinta, domin duhun da kake gani yaudara ne, hasken da ke ƙona ido yana wucewa. Ka ƙwanƙwasa da farce ka ji ko gilashi ne. Ka murɗa a lensinka a gaban mai kayan, domin zaren jabu yakan cije, na taɓa ganin wadda sai da aka sa filaya aka cire ta. Sannan ka fita waje ka ɗauki darbejiyar ƙofar shago. Wanda ya hana ka gwaji ya san abin da ya taka.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mutumin da zai yini a kasuwar Wudil yana buɗe bakin sa yana ƙirga haƙori, ya zagaya shi sau bakwai, ya kira dillali biyu su shaida, shi ne kuma zai tura kuɗi ga wanda bai taɓa gani ba saboda hoton kwali. Ni ma ba na cire kaina. Shekarun baya na sayi memori mai araha a wani shago, na je ɗaukar fadama kwana biyu, na dawo rabin hotunan sun ƙi buɗuwa. An rubuta babban mazubi a jikinsa, cikinsa ƙarami ne, in ya cika sai ya riƙa taka na baya. Kuɗin motar da na yi asara ya ninka abin da na ce na rage. Haka batir: na jabu yana kumbura a zafin Afrilu ya maƙale a cikin kyamara, ga shi aikin infirared da dogon buɗewa yana shan caji kamar rairayi da ruwa. Haka mai ƙafa uku na roba, wanda iskar hadari ɗaya za ta kifar da shi da kyamarar gaba ɗaya cikin kwatami. A filta, memori da batir, araha ba ta ado. Jaka da hula da igiyar wuya, ka sayi na gwanjo, ba mai cewa komai.

Kuma kada wanda ya rubuto mini cewa tasa ta gaske ce amma yana ganin farin tabo a tsakiyar kowane hoto. Wannan halin lensi ne, wasu masu tsadar ma suna yi. Yana ƙaruwa in ka matse ƙofar haske zuwa f/16. Ka koma f/5.6 ko f/8, in bai tafi ba ka canza lensi, kada ka sake sayen filta.

Baba, ni ɗaliba ce daga wani gari kusa da Haɗejia. Yayana ya bar mini tsohuwar kyamararsa da filta. Ina jin kunyar hotunana, duk na Turawa duwatsu ne masu ƙanƙara da tafkuna, mu kuwa sai fili da ƙura. Anya abin namu zai shiga ido?

'Yata, kwantar da hankalinki. Alƙalan nan sun ga duwatsu masu ƙanƙara har sun gundure su. Abin da ke ƙofar gidanku shi ne ba su saba gani ba: fadamar Haɗejia in ruwa ya cika, goriba da giginya a tsaye cikinsa, masunci a kan ƙwarya. Ruwa yana shanye infirared ya fito baƙi, ciyawa ta fito fara, kin ga aiki ya yi rabi tun kafin ki taɓa komai.

Ki lura da lokaci. Masu hoton kala suna gudun tsakar rana, ke kuwa ita ce abokiyarki. Daga Yuli zuwa Satumba, in hadari ya taso fari tas a kan sama mai duhu, gero da dawa sun yi kai, nan ne kasuwarki. Da rani kuka takan zubar da ganye, ba za ta ba ki fari ba, sai siffar rassa. Gawo kuma akasin haka yake, da damina yake tsirara, da rani ya yi ganye. Gawo ɗaya fari sol a tsakiyar gonar da aka girbe, shanu na kwance a inuwarsa, wannan hoton babu shi a Ingila. In hunturu ya yi buji sosai ki zauna a gida. Infirared yana ratsa hazo mai laushi, amma ƙura mai kauri tana kashe rana, kuma in kika buɗe kyamara don canza lensi a cikinta, kowane ƙwayar ƙura zai fito a sararin samanki.

Kada ki tara hotuna 15 na farin ganye ki ce kin gama. Farin yana burge mutum a hoto na farko, zuwa na huɗu ya zama jiki, daga nan abin da kika tsara a cikin hoton ake dubawa. Ki zaɓi magana ɗaya, misali fadama daga cikar ruwa zuwa janyewarsa, ki bi ta shekara guda. Ki ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, ki saita farin kyamara a kan ɗanyar ciyawa, ki gyara su duka da hannu iri ɗaya, kada wani ya yi duhu wani ya yi fayau. Ki wanke su ƙanana, ki shimfiɗa a tabarma layi uku, ki duba wanda ya fita daga dangi ki cire shi ko da shi kika fi so. Ki tafi da ƙaninki in za ki fadama, ki gaida mai unguwa kafin ki kafa kyamara a gonar mutane, kuma kada ki ɗauki matan da ke aiki sai da izininsu. Ki aiko mini da biyar in gani, Allah Ya yi albarka.

Zan sayar da ragon da nake kiwo in biya kuɗin FRPS kai tsaye, tunda ita ce babba. Daga Gaya.

Hotuna nawa gare ka? Ba ka faɗa ba, kuma na san dalili. Hanyar da aka saba sai an bi ta ARPS kafin a kai can. Kuɗin nema da fam na Ingila ake biya, ba kuma shi ke nan ba, domin haruffan nan suna bayan sunanka ne muddin kana biyan kuɗin zama ɗan ƙungiya kowace shekara. Rago nawa ke gare ka? Ka bar wannan ya kai Babbar Sallah, ka ari filta a wajen malamin Kiyawa.