Amsoshin Tambayoyinku: Fina-finan Fashi Masu Tafiya da Kiɗa, Wanne Ya Cancanci Kuɗin Mai Kallo?

Wasiƙun wannan mako sun taru a kan nau'in fim guda, wato fim ɗin 'yan fashi wanda ake ɗora harbe-harbe da tseren mota a kan kiɗa, har ya zamana ƙarar bindiga da kukan taya suna bin sautin ganga. Na zaɓi guda huɗu daga cikinsu, kuma na taƙaita kowace tambaya kafin in amsa.

Tambaya ta farko daga wani ɗalibi ce. Ya ce: "Malam, kuɗin da ke hannuna ba zai wuce na fim ɗaya ba a wannan wata. Abokaina sun matsa mini in kalli Baby Driver, yayana kuma ya ce wasan yara ne, in nemi Heat. Wanne zan ɗauka?"

Ɗan'uwa, kafin ka ɗauki ɗaya ya kamata ka san abin da kowannensu yake sayar maka. Baby Driver ya fito a 2017, kuma Edgar Wright, ɗan ƙasar Ingila, shi ya rubuta shi ya kuma ba da umarni. Labarin wani saurayi ne a birnin Atlanta na Amurka wanda ke tuƙa 'yan fashi idan sun gama aiki, kuma tun haɗarin motar da ya kashe iyayensa yana yaro kunnensa ke yi masa ƙara, shi ya sa ba ya rabuwa da iyafis. A mintunan farko za ka ga wata jar Subaru ta tsaya a ƙofar banki, mutum uku sun fita da bindigogi, an bar yaron shi kaɗai a mota yana bin waƙar Bellbottoms da baki, yana buga sitiyari kamar kalangu, har abin share gilashi ma yana motsi daidai da kiɗan. Da suka dawo a guje ya ja motar, kuma duk birkin da ya taka da duk kwanar da ya sha sun faɗa a kan wata gaɓa ta waƙar, har zuwa inda ya shige tsakanin wasu jajayen motoci biyu a ƙarƙashin gada ya ɓace wa jirgin 'yan sanda mai saukar ungulu.

Wannan aiki ne na lissafi. An zaɓi waƙoƙin tun kafin a fara ɗauka, an rubuta fitowa-fitowa a kansu, an ɗauko mai tsara rawa, Ryan Heffington, domin ya daidaita motsin 'yan wasa, sannan mai tace hoto, Paul Machliss, ya zauna da kwamfutarsa a wurin ɗaukar fim ɗin yana haɗawa nan take don a tabbatar kowane motsi ya hau kan kiɗa. Shi ya sa fim ɗin ya shiga takarar Oscar a fanni uku, ɗaya na tace hoto, biyu na sauti, ya kuma lashe BAFTA, kyautar fina-finai ta Birtaniya, a fannin tace hoto. An kashe masa kimanin dala miliyan 34, ya dawo da fiye da miliyan 220.

To, amma ka lura da fannonin da aka yabe shi a kai, domin babu labari a cikinsu, kuma a ganina alƙalan sun yi adalci. Idan ka rage sautin ka dubi abin da ya saura, za ka tarar da labari siriri. Budurwar jarumin, wata ma'aikaciyar gidan abinci, ta yarda ta bar komai ta bi mutumin da ta sani kwanaki kaɗan, ba tare da an nuna mana wace ce ita ba ko me take nema a rayuwa. Ubangidan 'yan fashin, wanda ya shafe fim ɗin yana yi wa yaron barazana, ya juya rana tsaka ya ba da ransa dominsa, kuma ba a gina wannan sauyin zuciya ba ko kaɗan. A kashi na ƙarshe ma wani cikin 'yan fashin ya koma bos irin wanda ake harbewa ya tashi, a sake bugewa ya sake tashi. Abin da ya fi damuna shi ne fashin kansa ba a cika nuna shi ba, saboda kyamara tana zaune a mota tare da direba, don haka wanda yake son ya ga dabarar shiga da ta fita, wadda ita ce gishirin wannan nau'in fim, zai tashi da yunwa.

Heat na Michael Mann kuwa, wanda ya fito a 1995 da Al Pacino da Robert De Niro, ya kusa awa uku, kuma ya bi hanyar da ta saɓa wa wannan. A babban artabun da aka yi a tsakiyar Los Anjalas bayan fashin banki, an bar ƙarar bindigogin da aka ɗauka a kan titin da kanta, tana dukan dogayen gine-gine tana dawowa, kuma tsoron da mai kallo yake ji daga wannan amsa-kuwwar yake fitowa. Tun kafin shi, a 1955, Jules Dassin ya yi Rififi a Faransa, inda ɓarayi suka huda rufin kantin gwala-gwalai daga ɗakin sama, suka zura laima ta ramin suka buɗe ta don ta tare ɓaraguzai kada su faɗi su yi ƙara, kuma kusan rabin awa babu magana babu kiɗa. Na kawo waɗannan biyun ne don ka gane cewa kiɗa yana iya ɗaga fim, yana kuma iya rufa masa asiri.

Shawarata ita ce, idan haya za ka yi ta dare ɗaya, ɗauki Baby Driver, domin awa biyu ba cikakku ba ne na gwaninta da ba kasafai ake gani ba. Idan saye za ka yi ka ajiye, bi maganar yayanka, sai dai ka faɗa masa cewa kiran aikin da wasan yara ya yi tsauri.

Tambaya ta biyu daga wata uwargida ce, wadda ta ce: "Mun karɓi Baby Driver a wajen masu turi, fassararre, muka kalla a waya, ni da maigida ba mu ga abin da ake zuzutawa ba. Yanzu yana son ya sayi babbar talabijin. Ita ce maganin?"

Hajiya, talabijin ba za ta magance wannan ba, domin abin da kuka rasa a kunne yake. Fassara tana da amfaninta, kuma ta buɗe wa mutane da yawa ƙofar fina-finan da da ba za su fahimta ba, amma a yawancin kwafin da ake turawa sai an danne sautin asali kafin muryar mai fassara ta fito, kuma a fim irin wannan sautin da aka danne shi ne rabin abin da aka zo kallo. Ga kuma matse fayil da ake yi don ya shiga waya da ƙaramin wuri, wanda yakan ci ingancin sauti, sannan spikar waya ƙarama ce, ba ta iya fitar da kaurin ganga. Akwai abubuwan da masu haɗa sautin suka ɓoye waɗanda spikar waya ba za ta nuna muku ba: idan waƙa ta tsaya ana jin wata siririyar ƙara, wato abin da yaron yake ji a kunnensa, kuma idan ya cire iyafis ɗaya kiɗan yakan karkata gefe guda.

Saboda haka ku fara da abu mafi araha. Ku nemi kwafi mai sautin asali ta halaltacciyar hanya, ko da da rubutun fassara a ƙasa, ku gwada mintuna shida na farko da iyafis mai waya. Na ce mai waya ne saboda wasu masu arha na Bluetooth suna jinkirta sauti kaɗan, kuma jinkirin da ba za a lura da shi a wasan kwaikwayo na hira ba yana ɓata fim ɗin da aka gina a kan daidaituwar harbi da ganga. Idan gwajin ya burge ku, kuɗin da aka ware wa babbar talabijin ya fi dacewa a raba shi, a sayi matsakaiciya, a haɗa da doguwar spikar nan da ake ajiyewa a ƙarƙashinta tare da akwatin da ke fitar da kaurin sauti, domin talabijin na zamani sun yi sirantar da babu wurin spika mai kyau a jikinsu. Kafin maigida ya biya, ya duba bayan talabijin ɗin ko akwai ramin da aka rubuta wa HDMI ARC, saboda ta nan ake haɗa su da waya ɗaya. Tsarin spika biyar da ake jerawa kewaye da ɗaki ba dole ba ne a ƙaramin falo.

Ni kaina na taɓa yin asara a wannan fanni. Na sayi wata spika mai fitilu kala-kala a kasuwa saboda an rubuta dubban wat a kwalinta, da na kai gida na ƙara murya sai ta kama rawar ɗari kamar kwanon rufi a iska. Daga baya na koyi cewa lambar da ake rubutawa da PMPO ta talla ce, wadda ake rubutawa da RMS ita ta fi kusa da gaskiyar ƙarfin. Ku tafi kantin da wayarku, ku sa mai kaya ya kunna muku fitowar da kuka sani, ku saurara a ƙaramar murya da babba kafin a yi ciniki.

Tambaya ta uku ta wani mahaifi ce, yana son sanin ko ya bar ɗansa mai shekara 13 ya kalli Baby Driver, tunda ya ji an ce fim ɗin waƙe-waƙe ne.

Alhaji, a Amurka an sa masa alamar R, wadda ke nufin ɗan ƙasa da shekara 17 sai da babba, a Birtaniya kuma an ƙayyade shi ga 'yan 15 zuwa sama, saboda zubar da jini da ashar. Ni abin da nake dubawa ya wuce alamar. Akwai wata fitowa a wani sito inda ake cinikin makamai ya rikiɗe ya zama kashe-kashe, aka jera harbin a kan kiɗan Tequila, ta yadda mai kallo zai sami kansa yana kaɗa kai alhali mutane ne ke faɗuwa. Babba yana iya lura da wannan dabara ya ja baya, yaro kuwa daɗin kawai zai ɗauka. A yi wa fim ɗin adalci, bai bar jarumin ya sha ba: ya miƙa kansa, kotu ta yanke masa shekara 25 tare da damar neman sassauci bayan biyar, kuma dangantakarsa da tsohon kurman da ya riƙe shi, wanda ɗan wasa kurma na gaske mai suna CJ Jones ya fito a matsayinsa, ita ce wuri mafi taushi a fim ɗin. Duk da haka ka jira shekara biyu ko uku. Idan tseren mota da kiɗa yake so yanzu, The Italian Job na 1969 ya fi sauƙi nesa ba kusa ba: ƙananan motoci Mini uku ɗauke da zinare suna ratsa cunkoson da ɓarayin suka haddasa a birnin Turin na Italiya, kiɗan Quincy Jones yana raka su. Ka zauna tare da shi, domin ko a nan akwai 'yan wuraren da suka shafi mata da za ka so ka tsallake.

Tambaya ta ƙarshe gajeriya ce: "Mu da muka tashi da Dhoom, me za a nuna mana sabo? Ba gara in sayi jerin Dhoom ɗin guda uku in huta ba?"

Malam, kana da hujja, domin tun 2004 Dhoom ya haɗa ɓarayi a kan babura da waƙar da kowa ya haddace. Bambancin yana wajen da waƙar take zaune. A Dhoom labari yakan tsaya a yi rawa sannan a ci gaba, kuma ana iya tsallake waƙar ba a rasa komai na fashin ba, alhali a fim ɗin Wright waƙar tana cikin kunnen direban, har akwai inda ya hana abokan aikinsa fita daga mota sai da ya mayar da ita farko saboda lissafinsa ya ɓaci. Game da saye, ban ga dalilin ɗaukar ukun ba. Na biyu, na 2006, wanda ya buɗe da Hrithik Roshan yana sace kambin sarauniya a cikin jirgin ƙasa a hamadar Namibiya, shi ne ya fi daidaita sata da waƙa. Na uku, na 2013 da Aamir Khan a Chicago, ya yi tsawo, kuma yawanci gudun da ke biyo bayan fashin ake nuna maka a maimakon fashin, don haka ka sayi na biyu, ka ari sauran.