Tambaya da Amsa: Na haddace maganganuna, amma suna ɓace mini a wurin gwaji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a unguwar Nima da ke Accra, kuma ƙungiyarmu tana shirya wasan kwaikwayo na dandamali da za mu nuna bayan Sallah. An ba ni matsayin uban amarya, wani dattijo mai fataucin goro. Na haddace maganganuna tsaf, amma da zarar mun taru gwaji aka ce in tashi in yi motsi, sai komai ya ɓace mini. Darakta kuma yana cewa karatu nake yi, ba magana ba. Saura mako uku, yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Da jin bayaninka na gane irin haddar da ka yi, wato irin ta makarantar allo, inda mutum yake zaune wuri ɗaya, kowace jimla tana jawo wadda ke biye da ita. Wannan hadda tana da ƙarfi, amma a dandamali maganarka ba jere take ba, domin tsakanin jimlarka da ta gaba akwai maganar wani, akwai taku uku zuwa bakin ƙofa, akwai shiru. Duk lokacin da ɗayan waɗannan ya katse maka jeren, sai zaren ya tsinke.

Saboda haka ka daina bita kai kaɗai. Ka samu wanda zai riƙe takardar yana karanta maganar abokan wasanka, kai kuma kana amsawa, har sai ƙarshen maganarsu ya zama shi ne abin da ke tayar da taka. Idan mai neman aure ya ce ba shi da kuɗin sadaki, ai dattijon ba ya buƙatar tuna layi na nawa ne a shafi, abin da ya ji ne ya ɓata masa rai ya amsa. Abin da darakta yake nufi ke nan da ya ce karatu kake yi: kana jiran lokacinka ya zo, ba ka sauraron wanda ke gabanka, kuma 'yan kallo suna gane haka tun daga idon mutum. Konstantin Stanislavski, wanda ya kafa shahararren gidan wasa na birnin Mosko tare da abokinsa a 1898, ya gina koyarwarsa a kan tambayar abin da mutumin cikin wasa yake so ya samu a kowace fitowa. Ka rubuta amsar a gefen takardarka da kalma biyu ko uku, misali yana so ya kori saurayin ba tare da ya zubar da girmansa ba. Wanda ya san abin da yake nema, ko kalma ta kuɓuce masa, zai sami wata ya ci gaba.

Sai batun motsi. Ku zana ƙofa da kujera da tabarma da alli a daɓen ajin da kuke gwaji, kada wurinsu ya canja, sannan ka ɗaura kowace magana a kan wani aiki: wannan jimla a lokacin cire takalmi, waccan a lokacin ɓare goro. Jiki yana riƙe abin da aka maimaita masa, kuma ranar da tsoro ya kama ka, shi ne zai tuna maka. Ka fara sa babbar rigar tun yanzu, domin na sha ganin matashin da bai saba da ita ba ya shagala da ɗaga hannun riga zuwa kafaɗa har maganarsa ta wuce shi.

Game da murya kuwa, hayaniyar Nima da ƙarar motocin tirotiro ma taimako ne a gare ka. Ka sa wani ya tsaya a ƙarshen ajin, ka ja numfashi daga ciki, ba daga maƙogwaro ba, ka yi magana har ya ji kowane harafi ba tare da ka yi ihu ba. Idan ka samu dama, ka je babban gidan wasa na ƙasa da aka buɗe a 1992, ka kalli 'yan ƙungiyar Abibigromma, ko ka leƙa ɗaliban wasan kwaikwayo a Jami'ar Ghana da ke Legon, ka lura da abin da ɗan wasa yake yi a lokacin da ba shi ne ke magana ba.

A makon ƙarshe ku yi wasan daga farko har ƙarshe aƙalla sau biyu, da kaya da fitilu, bisa sharaɗin cewa ko wa ya yi kuskure ba za a tsaya ba, kuma darakta ya ajiye gyararrakinsa sai an gama.